Minti Goma Sha Biyar da Suka Koma Awa Shida: Nazari a Kan Haɗuwar Mashaya Biyu a Akron

Ranar Asabar, 11 ga Mayu, 1935, wani mutum ɗan shekara 39 yana ta kai-komo a zauren otal ɗin Mayflower da ke garin Akron, a jihar Ohio ta Amurka. Sunansa Bill Wilson, dillalin hannun jari ne daga New York. Harkar kasuwa ce ta kawo shi. Shi da abokan cinikinsa sun nemi karɓe ragamar wani kamfanin ƙera injinan sarrafa roba, aka kayar da su, abokan suka tattara suka koma gida suka bar shi. Abin da ya rage a aljihunsa bai wuce dala goma ba. Wata biyar ke nan rabonsa da giya, bayan ya shafe kusan shekara 17 tana juya shi yadda ta ga dama.

Daga wani gefen zauren yana jiyo dariya da ƙarar kofuna a ɗakin shan giya. Zuciya ta fara raya masa cewa ya shiga kawai ya sha lemo, ko ya sami abokin hira. Ya san wannan murya sarai, ya san kuma inda take kai shi. A ɗaya gefen akwai allo mai ɗauke da sunayen coci-cocin garin da limamansu, kusa da akwatin tarho. Tsoro ya kama shi, kuma a cikin tsoron ne wani tunani ya faɗo masa: in dai yana son ya kwana bai sha ba, to sai ya nemo wani mashayi irinsa ya yi magana da shi. Ya nufi tarho.

Daga wannan ɗan takin ne ƙungiyar nan ta mashayan da ba a bayyana sunayensu, wato Alcoholics Anonymous, ko AA a taƙaice, ta samo asali. Na zaɓi in bi diddigin lamarin ne saboda abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Mutumin nan bai ɗauki tarho don ya ceci kowa ba. Kansa yake neman cetowa, kuma bai ɓoye hakan ba.

Abin da ya gabata

An haifi Bill a jihar Vermont a 1895. Ya fara sha ne yana ƙaramin hafsan soja a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a wajen wata liyafa, ya ji kunyar da ta daɗe tana ɗaure masa harshe a cikin mutane ta kwance. Ya auri Lois Burnham a 1918, ya yi kuɗi a kasuwar hannun jari, kasuwar ta rushe a 1929, giya kuma ta ƙarasa abin da ya saura. Har ta kai Lois ce ke fita aiki a babban kanti tana ciyar da gida, shi kuwa yana zarar kuɗi daga jakarta ya sayo kwalba. Alkawarin dainawa ya yi shi ba sau ɗaya ba, har a cikin littafin ibadar gidansu ya rubuta mata. Duk ya karya.

Tsakanin 1933 da 1934 sau huɗu ana kwantar da shi a asibitin Towns da ke New York, a hannun Dakta William Silkworth. Wannan likita ya gaya masa abin da ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya ce matsalarsa ciwo ce mai fuska biyu: jiki wanda da zarar ya ɗanɗana ba ya iya tsayawa, da kuma tunani mai naci wanda ke mayar da mutum ga kofin farko duk da ya san abin da zai biyo baya. Bill ya ji daɗin wannan bayani, ya ɗauka tunda ya gane ciwonsa shi ke nan. Bai jima ba ya koma. A ƙarshe Silkworth ya shaida wa Lois cewa in ba tsare shi aka yi ba, to hauka ko mutuwa na tafe.

A watan Nuwamba 1934 wani tsohon abokinsa na makaranta kuma abokin sha, Ebby Thacher, ya kawo masa ziyara a gidansu da ke Brooklyn. Suka zauna a teburin kicin. Bill ya tura masa kofi, Ebby ya ce ba ya sha. Wannan Ebby ɗin, watanni kaɗan kafin nan alƙali ya kusa tura shi gidan tsare masu taɓin hankali saboda giya, sai wasu 'yan wata ƙungiyar farfaɗo da addinin Kirista da ake kira Oxford suka tsaya masa. Ya gaya wa Bill abin da suka koya masa: ka yarda an fi ƙarfinka, ka binciki kanka da gaskiya, ka faɗa wa wani laifuffukanka, ka biya waɗanda ka zalunta, ka taimaki wasu ba don lada ba, ka roƙi Ubangiji. Bill ba ya son zancen addini ko kaɗan. Amma bakinsa ya mutu, domin ga mutumin da shi kansa ya daɗe da cire rai da shi zaune a gabansa, ido garau, hannu ba ya rawa. Gani ya kori ji.

Ranar 11 ga Disamba, 1934, Bill ya sha giyarsa ta ƙarshe a kan hanyar komawa asibitin Towns. A can, cikin tsananin ƙunci, ya yi kira ga Ubangiji, ya ce ya ga ɗakin ya cika da farin haske, ya ji kamar an sauke masa kaya. Wasu na ganin magungunan da ake ba shi a lokacin suna da hannu a abin da ya gani. Silkworth dai cewa ya yi ko ma mene ne ya riƙe shi da kyau, ya fi halin da yake ciki a da. Ni ban ɗora nazarin nan a kan wannan haske ba, kuma dalilina zai fito a gaba.

Wata biyar na wa'azi

Yana fitowa ya bazama neman mashaya. Ya bi su asibiti, ya bi su gidan ciyar da marasa galihu na cocin Calvary, ya kwaso wasu zuwa gida. Yana ba su labarin haskensa, yana kiransu ga tuba. Ko mutum ɗaya bai daina ba. Da ya karaya ya kai kuka wurin Lois, sai ta nuna masa abin da idonsa bai gani ba: ai kai ba ka sha ba duk tsawon watannin nan.

Silkworth kuma ya ba shi shawarar da ta sauya komai. Ya ce ya bar yi musu wa'azi, don wa'azi sun sha shi har ya gundure su. Ya fara da ba su labarin kansa, da bayanin ciwon yadda yake, har sai mutum ya ji cewa wannan da ke magana ya san abin daga ciki. Da wannan shawara a kunnensa ya tafi Akron.

Daren Lahadi

Limamin da Bill ya samu a tarho, Rabaran Walter Tunks, ya ba shi sunayen mutane. Ya yi ta bugawa ba sa'a, har kira ya kai shi ga wata mata mai suna Henrietta Seiberling, surukar attajirin da ya kafa kamfanin taya na Goodyear. Ita ba mashayiya ba ce, amma ta daɗe tana addu'a a kan wani likita da suke zuwa taron Oxford tare.

Likitan shi ne Dakta Bob Smith, likitan fiɗa, ɗan shekara 55, shi ma haifaffen Vermont. Nasa shan na ɓoye ne. Da safe sai ya haɗiyi maganin kwantar da jijiyoyi don hannunsa ya daina karkarwa ya iya aiki, da yamma ya dawo gida ya sha har ya faɗi. Kwalabe yana ɓoye su a wurin ajiyar gawayi, a saman ƙofofi, har a cikin safar hannu da yake jefawa ta bayan gida don kada matarsa Anne ta gani. Lokacin da Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933 bai hana shi komai ba. Marasa lafiya sun fara gudunsa, gidansa na gab da suɓucewa saboda bashi. Shekara biyu da rabi yana zuwa taron addini, yana karatu, yana addu'a, yana kuma buguwa kusan kowane dare.

Henrietta ta so ta haɗa shi da Bill a ranar Asabar ɗin, amma ba a iya kawo shi ba. Ya shigo gida da tukunyar fure da ya sayo wa Anne, ya ajiye, ya yi mankas. Washegari Lahadi, 12 ga Mayu, ya yarda zai je ne kawai don kada ya watsa wa Henrietta ƙasa a ido, amma ya sa matarsa ta yi masa alkawari cewa minti goma sha biyar kawai za su yi. Sun isa da ƙarfe biyar na yamma. Aka bar Bill da Bob su biyu a wani ɗan ɗaki. Ba su fito ba sai bayan sha ɗaya na dare.

Me Bill zai gaya wa likita game da giya wanda likitan bai karanta ba? Me zai gaya masa na addini, alhali Bob ya riga shi shiga Oxford da shekara biyu? Babu. Abin da ya yi shi ne ya fara da cewa shi ne mai bukata, ya zo ne don kada shi ya sha. Sannan ya buɗe cikinsa: ƙaryar da ya yi wa matarsa, kwalaben da ya ɓoye, tsoron wayewar gari, alkawuran da suka tashi a banza. Daga baya Dakta Bob ya bayyana cewa wannan ne mutum na farko da ya taɓa yi masa magana a kan giya wanda ya san ta a jikinsa, mai magana da harshen da yake ji.

A nan nake ganin zuciyar lamarin take. Duk wanda ya taɓa zuwa wa Bob da maganar giya, daga sama yake kallonsa: mata mai kuka, abokin aiki mai gargaɗi, limami mai nasiha. Dukkansu masoyansa ne, kuma gaskiya suke faɗa. Sai dai mashayi ya ƙware wajen kare kansa daga wanda ya fi shi. Zai sunkuyar da kai ya ce to, a ransa kuwa yana cewa ba ku san abin da nake ji ba. Wannan garkuwa ba ta da amfani a gaban wanda ya zo yana cewa ni ma haka nake, kuma taimakonka nake nema. A karo na farko cikin shekaru, an nuna wa mutumin da ya saba zama abin tausayi cewa yana da abin da zai bayar.

Faɗuwa

Labarin bai tafi sumul ba. Anne ta gayyaci Bill ya tare a gidansu, ya zauna kusan wata uku. Makonni kaɗan da haɗuwarsu, Bob ya ce zai je taron likitoci na shekara-shekara a Atlantic City. Anne ta ji tsoro, Bill ya ce a bar shi, tunda dole ya koyi zama a duniyar da giya take. Tun a cikin jirgin ƙasa ya fara sha. Bayan kwanaki aka kira Anne daga gidan ma'aikaciyar ofishinsa cewa a zo a ɗauke shi.

Ga shi kuma yana da aikin fiɗa a gabansa. Anne da Bill suka yi kwanaki suna jinyarsa. Da safiyar aikin hannunsa na ta rawa, Bill ya ba shi kwalbar giya ɗaya don ya lafa. Ya yi aikin lafiya, amma bai dawo gida ba sai da dare ya yi, hankalin kowa ya tashi. Ashe zagaya gari ya yi, ƙofa ƙofa, wurin waɗanda yake riƙe wa bashi da waɗanda ya ɓata wa, yana gaya musu gaskiyar abin da ya daɗe yana ɓoyewa don tsoron kada sana'arsa ta mutu. Wannan kwalba ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa. Ƙungiyar ta ɗauki 10 ga Yuni, 1935, a matsayin ranar, kuma daga ita take ƙirga shekarunta. Abin lura ne cewa ba ranar da Bill ya daina suka ɗauka ba, sai ranar da suka zama su biyu.

Bari in tsaya a kan kwalbar nan kaɗan, don kada a yi mata mummunar fahimta. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, in ya yanke lokaci guda, jikinsa na iya birkicewa: karkarwa, zufa, jijjiga irin ta farfaɗiya, da ruɗewa har ya riƙa ganin abin da babu, galibi a kwana na biyu zuwa na uku. Wannan hali yana kisa. A yau akwai magungunan da likita ke bayarwa don a tsallake kwanakin nan lafiya, saboda haka irin wannan mutum asibiti ya kamata ya fara zuwa. Kulle shi a ɗaki ko ɗaure shi da mari jefa ransa ne cikin haɗari.

Ga kuma dalilin da ya sa ban dogara da hasken Bill ba. Bob bai taɓa ganin wani haske ba. Shi da kansa ya ce kusan shekara biyu da rabi na farko sha'awar giya ba ta rabu da shi ba. Duk da haka ya yi shekara 15 bai sha ba, har ciwon daji ya ɗauke shi a watan Nuwamba 1950. Abin da yake yi idan abin ya taso shi ne ya tafi wurin wani mashayin.

Mutum na uku

Sun gane cewa in suka zauna su biyu za su faɗi. Wanda suka fara gwadawa bai yi ba, har ya kai ga razana Anne da wuƙa a cikin gidanta. Sai Bob ya buga asibitin birnin ya tambayi wata nas ko suna da mashayi a kwance. Ta ce akwai wani lauya, Bill Dotson, an kwantar da shi sau takwas cikin wata shida, an ma ɗaure shi a gado don ya doki ma'aikatan jinya. Suka sa aka ba shi ɗaki shi kaɗai, suka je suka zauna a bakin gadonsa suka ba shi labarinsu. Ya ce su dai sun tsira, amma shi tasa ta ƙare. Suka tambaye shi ko zai iya kwana ɗaya bai sha ba. Ya ce wannan kowa ma zai iya. Suka ce abin da ake nema ke nan, yau kawai. Ya bar asibiti ranar 4 ga Yuli, 1935, bai sake sha ba har ya rasu a 1954.

Daga nan abin ya yi ta rarrafe. A ƙarshen 1937 da suka ƙirga, mutum wajen 40 ne suka tsaya, bayan ɗimbin waɗanda suka zame. A gidan Bill na Brooklyn, ɗaya daga cikin waɗanda suka ba masauki ya sayar musu da tufafi, daga baya ya kashe kansa a cikin gidan. A 1939 aka buga littafin da ƙungiyar ta ɗauki sunansa, mai ɗauke da matakai 12 da mashayi zai bi don ya daina sha, lokacin suna kusan mutum 100. A shekarar ce kuma Bill da Lois suka rasa gidansu. A Akron, wata sista 'yar Katolika mai suna Ignatia ta fara karɓar mashaya a asibitin St. Thomas, a zamanin da asibitoci ke gudunsu. Na farkon a ɗakin ajiye furanni ta sa masa gado. Ita da Bob sun kula da mutum kusan 5,000, shi bai karɓi ko kwabo ba. Idan za a sallami mutum takan ba shi wata 'yar lamba ta addini, ta ce in ya yi niyyar sha, ya fara dawo mata da ita hannu da hannu. Dabarar a fili take: kafin ka kai ga kwalba, sai ka bi ta gaban wani mutum.

Su Bill sun nemi kuɗi wurin attajiri John D. Rockefeller ƙarami, aka ba da shawarar a ba su dala 50,000. Ya ƙi, don yana tsoron kuɗi za su lalata abin, ya ba da 5,000 kawai. Sun ji zafi a lokacin, amma daga baya suka mayar da shi doka: ba sa karɓar gudummawa daga waje, ba kuɗin shiga, ba shugaba mai mulki, ba a bayyana cikakken suna a kafafen yaɗa labarai, sharaɗin zama ɗan ƙungiya kuwa ɗaya ne, son daina sha. Bayan wata mujalla ta yi rubutu a kansu a Maris 1941, yawansu ya tashi daga 2,000 zuwa 8,000 kafin shekara ta ƙare. Yau ana ƙiyasta su kusan miliyan biyu a ƙasashe wajen 180. Lois kuma, wadda ta gano cewa iyalin mashayi ma suna da nasu ciwon, ta haɗu da wata ƙawarta suka kafa Al-Anon, ƙungiyar iyalan mashaya, a 1951.

Shin yana aiki?

An daɗe ana gardama. A 2020 masu bincike uku, John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri, suka tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565 a ƙarƙashin cibiyar Cochrane, mai tace binciken da aka yi a fannin lafiya. Sun samu cewa a cikin waɗanda aka bi tsari aka haɗa su da AA, kashi 42 cikin ɗari sun cika shekara ba su sha ba, a sauran hanyoyin jinya na ƙwararru kuwa kashi 35. Wannan nasara ce ta gaske, musamman ga abin da ba a biyan kuɗinsa. Amma lissafin ya kuma nuna fiye da rabi sun zame. Wasu zancen Ubangiji da ke cikin matakan ba ya shigarsu, wasu sai an haɗa musu da magani irin su naltrexone, wasu akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin shan. Bill kansa ya yi kusan shekara goma yana fama da matsananciyar damuwa bayan ya daina, kuma taba sigari da bai iya bari ba ita ta cinye masa huhu har ya rasu a 1971.

Mai karatu a wajenmu zai iya cewa wannan harkar Turawa ce, kuma daga coci ta fito. Haka ne, asalinta ke nan, ko da yake tun a 1989 Musulmi a Baltimore suka kafa tasu mai suna Millati Islami bisa irin wannan tsari. Amma Dakta Bob, mai mutunci a idon gari, mai ɓoye kwalba a saman ƙofa, ba baƙo ba ne a unguwanninmu. Inda giya ta zama haram kuma abin kunya, mai shanta ya fi nutsewa cikin ɓoyo, ba shi da wanda zai buɗe wa ciki ba tare da zancen ya zaga gari ba. Nakan tuna sahabin nan da ake yi wa laƙabi da Himar, wanda aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya. An hukunta shi, amma da wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Saura labarin Ebby, wanda ya kawo saƙon teburin kicin. Bayan kamar shekara biyu da rabi ya koma sha. Ya tashi, ya faɗi, ya sake tashi, haka ya yi ta yi kusan shekara talatin, yana kallon abin da ya fara da bakinsa yana cika duniya shi kuwa yana kwana a titi wani lokacin. 'Yan ƙungiyar a Texas sun ɗauke shi, ya yi shekaru a can bai sha ba, ya sake zamewa. Bill bai taɓa yanke shi ba. Yana aika masa da kuɗi, yana nemo shi in ya ɓace, kuma a gaban kowa yana kiransa jagoransa. A babban taron ƙungiyar na St. Louis a 1955 ya gayyato shi a matsayin baƙo na musamman. Ebby ya rasu a watan Maris 1966, a wani ƙaramin gari a jihar New York inda ake kula da shi, yana da kusan shekara biyu rabonsa da giya.